Baƙon Da Ba A Ba Shi Ruwa

Ranar da Nomau ya sauka rijiyar lambunsa don ya yashe ta, bai tarar da ruwa ba. Ƙofa ya tarar, ta baƙin ƙarfe, a kwance a gindin rijiyar, an ɗaure ta da zangarniyar alkama a maimakon kwaɗo.

Abin da ya kai shi ciki kuwa ba wasa ba ne. Kwarin Gauraka gari ne na manoman alkama. Kogin da suke ban ruwa da shi ya janye, rijiyoyi suka bi bayansa. Alkama takan fito kore shar, ta yi tsayi, sai ta zo fitar da kai ruwa ya ƙare, ta bushe a tsaye. Dagaci ya tara jama'a aka yanke magana: in noman ranin bana ya mutu, kowa ya ɗaure kayansa a tashi. Kowa ya yarda ban da mahaifiyar Nomau, Inna Tabawa mai gurasa.

Ta ce, “Ku tafi lafiya. Ni da tanderuna muna nan. In za ku fita ku ja mini ƙofar gari.”

Nomau ya san Inna ba ta maimaita magana. In alkama ta mutu, ko dai ya bar uwarsa ita kaɗai a kufai, ko ya zauna da iyalinsa su bushe tare.

Shi Nomau ba mugu ba ne. Laifinsa surutu, da son a ce. Gidansu ya yi suna da ba baƙo ruwa, don ko akuya ce ta leƙo zaurensu sai an miƙa mata moɗa, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka.

Ya tsinke zangarniyar, ƙofa ta buɗe, ya zarce ciki da kai. Ya yi ta faɗuwa har ya gaji da ihu ya koma salati, ya gaji da salati ya fara tunanin abin da zai gaya wa mutane. Can sai ga shi tim a kan tulin ƙaiƙayi, a tsakiyar wani birni mai ganuwar dammunan hatsi. Mutanen birnin duk iri ne masu ƙafafu: ga gero dogaye suna tafiya da girman kai, ga shinkafa ana bin su da tulu ana yayyafa musu ruwa.

Wani aljani mai kai kamar turmi ya tsaya a kansa da mashi. Ya ce, “Ya kai ɗan Adam, wane ne kai da za ka faɗo wa Birnin Iri ba sallama?”

Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, na yi sallama tun daga sama. Na dai riga ta isowa ne.”

Aljanin ya ɗauke shi da yatsa biyu ya dire shi a gaban Magajiyar Iri, wata tsohuwar aljana da ke zaune a bakin wani rumbu wanda ba a ganin ƙarshensa. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana mata halin garinsu, ya haɗa da tarihin kakansa da ba a tambaye shi ba.

Magajiya ta ɗaga hannu. “Ya isa, ɗan Adam. Ba ma ba da iri kamar yadda kuke auna hatsi a kasuwa. Iri baƙo ne, sai ya yarda yake bin mutum. A kira mini dangin alkama.”

Suka shigo, samari kyawawa dogaye, da manyan riguna na koren ganye suna sheƙi. Zuciyar Nomau ta yi fari. Babbansu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “A garin naku, sau nawa ake sha a yini?”

“Allah ya ja zamaninka, in an samu.”

“In ba a samu ba fa?”

“Sai a yi haƙuri.”

Ɗaya daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi don jin kalmar kawai. Sauran suka ɗauke shi suka fice suna fifita da hannun riga.

Daga bayan rumbu wata murya ta ce, “Ni zan je.”

Mai maganar ya fito. Gajere ne siriri, jikinsa fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Rigarsa ganye ce 'yar ƙarama matsattsiya. Gemunsa dogo ne mai kaushi, kuma sama ya miƙe, ba ƙasa ba. Yatsun ƙafarsa kuwa don tsawo sai da ya naɗe su ya rataya a kafaɗa kamar igiyar guga.

Nomau ya matsa kusa da Magajiya ya yi ƙasa da murya. “Ranki ya daɗe, babu wani mai ɗan kyan gani? In na kai wannan gida cewa za a yi daga murhu na tono shi.”

Gajeren ya ce, “Ina jin ka. Sunana Ɗan-Toka. Masu kyan ganin ai su kuke shukawa, ga inda suka kai ku. Zan bi ka bisa sharaɗi. Kada a ba ni ruwa ko ɗigo sai ranar da na shiga ƙasa. Ranar a ba ni in ƙoshi. Daga nan kada a sake, sai an wayi gari an ga ganyena a naɗe tun da safe. In da rana ce na naɗe, ba roƙo nake ba, hutawa nake.”

Nomau ya dafe ƙirji. “Baƙo a gidanmu ba ruwa? Ai gara a ce na yi sata!”

“To ka koma ka ɗaure kayanka.”

Nomau ya tuna Inna zaune ita kaɗai a gaban tanderu, ya rantse.

Ba a fita daga Birnin Iri ta inda aka shiga. Suka bi wata ƙofa ta gabas, suka faɗa wata ƙasa inda rana ba ta tafiya a sama, saukowa take ta zauna a kan tudu tana kallon matafiya. Nan take Ɗan-Toka ya naɗe rigarsa ta koma kamar tsinke, ya toshe hancinsa, ya ce ta gefen baki, “Nan ƙasar Ƙishi ce. Duk abin da ya ce maka, kada ka buɗe baki. Ta nan ruwan jiki yake fita.”

Sai ga Ƙishi a tsakiyar hanya, wani ƙaton aljani busasshe, harshensa ya kai tsawon rawani, ya rataya goruna fanko a jikinsa ko'ina. Ba shi da takobi, ba shi da sanda. Durƙusawa kawai ya yi cikin ladabi.

“Barka da zuwa, ya babban baƙo. Ina gajiya?”

Nomau ya cije leɓe. Ya dubi Ɗan-Toka, ya dubi ƙasa. Tun da aka haife shi bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ba a amsa ba.

“Ba gajiya,” ya ce.

Wani farin tururi ya fita daga bakinsa, Ƙishi ya tare da gora ya toshe.

“Ina gida?”

“Lafiya lau.”

“Ina yara? Ina tsofaffi? Yaya aka ji da hanya?”

Nomau ya yi ta amsawa, goruna suna ta cika. Da Ƙishi ya tambayi lafiyar dangi, sai Nomau ya gyara tsayuwa ya fara ba shi labarin ciwon ƙafar kawunsa tun daga ranar da ƙaya ta soke shi. Kumatunsa suka lotsa, wuyansa ya yamutse, wandonsa ya fara zamewa. Kafin a kai ga wanzamin da ya tsaga ƙafar, Nomau ya koma kamar busasshiyar kuɓewa.

Ɗan-Toka ya kwance yatsan ƙafa ɗaya, ya ɗaure masa baki da shi tam, ya ja shi suka wuce. Ƙishi ya fusata, ya wurgo harshensa ya lashi Ɗan-Toka. Harshen ya zame a kan farar tokar nan mai santsi kamar kakin zuma da ke jikinsa, ya dawo ya maƙale wa mai shi a wuya.

Ƙishi ya yi kururuwa, “Kai ne kuma, matsolon banza? Tun da nake ban taɓa samun ko gumi a jikinka ba!”

Da suka yi nisa aka kwance wa Nomau baki, abin da ya fara cewa shi ne, “Amma dai bawan Allahn nan yana da tarbiyya.”

Haka mutane suke. Wanda ya kusa kashe su da daɗin baki shi suke yabo.

Daga nan suka shiga wani fili da ƙasa ta tsattsage, ramukan sun isa su haɗiye raƙumi. Nomau ya zube, harshe a waje. Ɗan-Toka ya tsaya cak, ya sauke yatsunsa daga kafaɗa, ya zura su cikin tsaga. Suka yi ta tafiya ƙasa. Aka daɗe ba a ji komai ba, har Nomau ya fara yi wa kansa addu'ar da ake yi wa mamaci.

Can daga ƙarƙashin ƙasa wata murya ta mace ta taso. “Wane marar kunya ne yake laluben randata?”

Ɗan-Toka ya ce, “Gafarta, ya Uwar Laima, ma'abuciyar ruwan da ya ɓuya. Baranki ne Ɗan-Toka.”

“Na gudu daga rana, na gudu daga Ƙishi, na sauko inda ko tururuwa ba ta zuwa, amma kai sai da ka biyo ni?”

“Ranki ya daɗe, ba ni da wani wurin zuwa.”

“To ɗebi kaɗan ka tafi. Wanda ya sha wahalar isowa nan ba a hana shi.”

Ruwa ya hau ta yatsun, Ɗan-Toka ya miƙa wa Nomau babban yatsansa na hannu ya tsotsa kamar jariri. Da ran Nomau ya dawo ya ce, “Wallahi in mun isa gida randa guda zan ware maka.”

Ɗan-Toka ya ce, “Ka ga irin haukan da nake gudu. Ƙishirwa ce ta ja yatsun nan suka yi tsawo. In ana zuba mini a sama kullum, me zai kai ni ƙasa? Sai in kwanta in miƙe ƙafa. Ranar da mai zubawa ya rasa, ranar zan mutu.”

Suka ci gaba. A gefen hanya suka tarar da aljanu suna bikin suna, ana kiɗa, ana rabon waina. Nomau ya karkata zai shiga ya yi barka.

Ɗan-Toka ya ce, “Ka san mai jegon?”

“Ba sai na san ta ba. A wuce suna ba a ce Allah ya raya ba?”

“Dubi bayanka.”

Nomau ya waiga. Sararin sama ya yi ja. Wata aljana ce ke tafe da gudu, zanenta na wuta, duk abin da ta wuce sai ya ƙone.

“Zazzafa ke nan, iskar bazara. Ba na faɗa da ita, don ba a cin ta. Gama aikina nake in tafi kafin ta iso. 'Yan uwana masu manyan riguna tsayawa suke suna ado, ta same su da ɗanyen kai. Kama gemuna!”

Nomau ya cafke gemun, kaushinsa ya soke shi, suka zura da gudu. Zazzafa ta cim musu a gindin wani dutse, ta hura. Rigar Ɗan-Toka ta ƙone ƙurmus, babbar rigar Nomau da hularsa suka bi iska.

Ta ce, “Na ƙone maka ganye, ya ƙanƙanin shaiɗani! Da me za ka ci abinci yanzu?”

“Da gemu, ranki ya daɗe. Shi ma yana shan hasken rana, kuma ba ya zubar da ruwa.”

Ya ja Nomau suka faɗa wani baƙin rami a jikin dutsen. Suka yi ta rarrafe cikin toka da gawayi, har suka ga haske a sama. Nomau ya turo kai waje. Ashe cikin tanderun Inna suke, wanda ya daɗe ba a hura shi ba don rashin gari.

Inna Tabawa tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Ta dubi ɗanta, baƙi ƙirin, daga shi sai wando, ta dubi abin da ya biyo shi. Ba ta yi ihu ba.

Ta ce, “Auta, baƙo ka kawo ta tanderu, ƙofar gida ta ƙone ne? Sannu da zuwa, malam. Bari in kawo ruwa.”

Nomau ya yi tsalle ya tare randa. “Inna, kada ki ba shi!”

Maƙwabta da suka leƙo ta katanga suka kama baki.

Inna ta ce, “Me ka ce?”

“Ba ya sha, Inna. Sharaɗi ne.”

“Sharaɗin gidan wa? Dubi leɓensa, dubi yadda ya yi fari fat! Ni Tabawa, a ce baƙo ya zauna a gidana da busasshen maƙogwaro? Matsa ko in fasa maka moɗar nan a ka.”

Ɗan-Toka ya rusuna. “Ya dattijuwa, na gode da karamcinki. Haka halittata take, ba ƙishi ba ne.”

“Ji shi, kunya yake ji. Haka baƙin kirki suke.”

Da ƙyar Nomau ya fitar da shi zuwa lambu, Inna na biye da moɗa, rabin gari na biye da Inna. Ɗan-Toka ya tsaya a tsakiyar lambun ya girgiza. Jikinsa ya watse ya zama ƙwayoyin alkama, suka bazu cikin fangaloli, tun daga na bakin hanya har waɗanda ke can bayan tudu. Nomau ya kama jigo ya yi ban ruwa da ɗan ruwan da ya sake tsattsafowa a rijiya har kowane fangali ya ƙoshi, sannan ya ɗaure gugan.

Alkama ta tsiro, toka-toka, siririya, ba kyan gani. Da rana ta take sai ganyen ya naɗe. Mutane suna wucewa suna cewa, “Nomau, lambunka na kuka.” Shi kuwa ya toshe kunne, yana zuwa da sassafe, in ya ga ganye a buɗe ya koma gida. Sai ranar da ya tarar da su a naɗe tun da safe yake kwance guga. A karo na farko a rayuwarsa ya riƙe abu ɗaya bai sake ba.

Abin da bai sani ba shi ne, kullum in ya tafi masallaci sallar azahar, Inna takan ɗauki tulu ta lallaɓa lambu. Tana zubawa tana cewa, “Sha, malam, sha. Kada ka kula da yaron nan, ba haka na rene shi ba.”

Fangalolin bakin hanya suka yi kore, suka yi faɗin ganye. Nomau ya ga haka ya yi ta yawo yana cewa hannunsa ne mai albarka.

Sai rijiya ta ƙafe ƙaf, daidai lokacin da alkama ke fitar da kai. Ba a yi nisa ba koren nan ya koma rawaya, ya sunkuya, ya kwanta. Nomau ya tsuguna ya ja tushe ɗaya, ya fito ba wuya, saiwarsa ba ta fi yatsa ba.

Wata 'yar murya ta fito daga tushen. “Ya ɗan Adam, an karya sharaɗi. An shayar da mu har muka manta hanyar ƙasa.”

“Wallahi ban ba ku ba!”

“Ba kai ba ne. Wata dattijuwa ce mai tulu. Ba mu iya ce mata a'a ba.”

Dagaci ya zo ya tsaya a bakin hanya ya dubi abin da ya mutu. Ya ce, “To, an gwada. Kowa ya je ya ɗaure kaya.”

Nomau ya juya ya ga Inna a bayan mutane, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ya tashi ya nufi ƙarshen lambun don kada a ga hawayensa. Ya hau tudu, ya tsaya, sai ya kurma ihun da ya sa jama'a suka biyo shi da gudu.

Bayan tudun, alkama ce tsaye, toka-toka, ganye a naɗe, gemu a miƙe, kowace zangarniya ta cika ta yi nauyi. Dagaci ya kama tushe ɗaya ya ja, ya ƙi fita. Ya sa hannu biyu, ya faɗi zaune.

Inna ta iso daga baya tana haki, tana dafa gwiwa. Nomau ya ce, “Inna, waɗannan fa? Me ya sa ba ki ba su ba?”

Ta harare shi. “Da wace ƙafar zan hau tudun nan da tulu a ka? Kullum da baƙin cikinsu nake kwana. Na ce Allah ya yafe mini, na bar bayin Allah da ƙishi.”

Dagaci yana zaune a ƙasa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, “A kwance kaya. Ba inda za mu. Wannan iri ne, a raba wa kowane gida. Kuma daga yau, in alkama na ƙasa, a sa mata su riƙa taya Inna Tabawa hira da azahar.”

Aka girbe kafin iskar bazara ta iso. Bayan an ware iri, aka ba Inna abin da ya rage ta niƙa. Ta hura tanderu, gari ya cika da ƙamshin da aka manta. Ta ciro gurasar farko, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

Nomau ya ce, “Yaya, Inna?”

“Garinsa da kyau,” ta ce. “Amma ka gaya masa, baƙo mai taurin kai irinsa ban taɓa saukewa ba. Waɗanda suka karɓi ruwana su ne 'ya'yan mutunci.”

“Ai sun mutu, Inna.”

“Sun mutu a ƙoshe. Miƙo mini itacen can.”

Wanda ya ga dama ya yi dariya. Amma a sani, da ƙafar tsohuwar nan ta kai bayan tudu, da alherinta ya tashi gari guda. Kafin ka zuba wa wani abin da kake ganin yana bukata, ka tambaye shi, kuma in ya ce a'a, ka ji.

Iyakar abin da ya faru a Kwarin Gauraka ke nan. Mai son ƙari ya je ya yashe rijiyarsa.